Ciwon Suga Nawa Ne, Ba Na Ƙungiya Ba

Zuwa ga Mai girma Shugaban ƙungiyarmu ta dillalan dabbobi,
Alhaji Haladu,
Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk waɗanda Allah ya ɗora maka nauyinsu. Allah ya ƙara girma, ya ja zamani.

Ranka ya daɗe, kai ka san ni, amma tunda takardar a buɗe take, bari in gabatar da kaina ga wanda bai sani ba. Sunana Rabe Abdu, dillalin tumaki da awaki, shekarata hamsin da takwas. Shekara goma sha biyu ke nan ina riƙe da muƙamin wakilin shugaba a wajen biki. Duk ɗan ƙungiyar da ya yi suna, ko ɗaurin aure, ko walimar saukar karatu, idan ba ka samu zuwa ba, ni ake turawa. Aikin kashi biyu ne: in isar da gaisuwarka, sannan in ci abinci. Tun zamanin shugaban da ka gada aka kafa doka cewa wakili ba ya tashi sai ya ci ya sha, domin cinsa shi ne shaidar cewa ƙungiya ta amsa gayya. Akwai Asabar ɗin da na ci walima huɗu tsakanin hantsi da la'asar, a garuruwa uku, kuma ban taɓa kawo maka kuka ba.

Sau biyu na rubuto maka ta hannun sakatarenmu, Malam Tukur. Takardar farko ya ce miya ta zube mata. Ta biyu ya ce ya karanta, ya kuma amsa a madadinka, amsar ita ce in yi haƙuri. Tunda shi kansa yana cikin abin da nake kuka da shi, na ga gara in biyo ta inda kowa zai gani.

Na ɗaya: yadda abin ya fara.

Bara, bayan Babbar Salla, wani rago ya taka mini babban yatsan ƙafa a kara, wato kasuwarmu ta dabbobi. Ciwon bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, amma ya yi wata biyu bai kama hanyar warkewa ba. Mai ɗakina Saude ta matsa mini har na je asibiti. Aka soki yatsana aka ɗiga jini a wani ɗan inji, likita ta dubi injin ta dube ni, ta tambaye ni ko me na ci da safe. Na lissafa mata. Ta tambaye ni sana'ata. Da na yi mata bayanin aikin wakili sai ta ajiye alƙalaminta.

Ta ce ina da ciwon suga, irin wanda yake kama manya. Ta ce ba a warkewa a jefar da shi, amma ana zama da shi lafiya idan an bi ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa ba ta da wuyar ganewa. In raba kwanona: rabi ganye, kamar zogale ko rama ko alayyahu, sauran rabin in raba shi biyu, gefe guda wake ko nama ko kifi, gefe guda tuwo wanda bai wuce dunƙulen hannuna ba. In bar lemon kwalba, da fura mai sukari, da alkaki da danginsa. In riƙa tafiya da ƙafa. Ta ba ni ƙwayoyi iri biyu: babba wadda nake sha da abinci safe da yamma, da ƙarama wadda nake sha kafin karin kumallo. Ta ja mini kunne a kan ƙaramar, ta ce idan na sha ta lallai in ci abinci a kan lokaci, in ba haka ba sugan zai faɗi ƙasa warwas, kuma wannan ya fi saurin kayar da mutum. Ta ce kada aljihuna ya rabu da dabino ko ƙwayar sukari saboda irin wannan rana.

Daga asibiti rumfarka na wuce. Na gaya maka komai. Ka yi salati, ka ce Allah ya sawwaƙe, har idonka ya kawo ruwa, kuma na shaida tausayinka na gaskiya ne. Sannan ka sa aka kawo mini lemo mai sanyi don in kwantar da hankalina, ka miƙo mini katin gayya guda uku.

Na biyu: abin da ya faru a Mashi.

Gayya ta farko sunan jikan Alhaji Bawa ce, wanda yake kawo mana shanu daga Mashi. Na ci nama, na ci ɗan tuwo. Da aka ajiye mini lemo na ce na gode, likita ta hana. Kashegari labari ya zo cewa ƙungiyar Daura ta wulaƙanta shi a gaban surukansa, ta ƙi shan ruwan gidansa. Ya yi mako uku bai kawo ko maraƙi karanmu ba.

Ka tura ni in ba shi haƙuri, na tafi. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce komai ya wuce, amma sai an tabbatar da sulhu. Aka fito da ƙwaryar fura da nono, wadda ya ce da hannunsa ya zuba mata sukari don in san babu komai a ransa. Dattawa bakwai suka zuba mini ido. Na shanye ta tas saboda mutuncinka. Shanu suka dawo kara. Ni kuma da safe da na auna jinina a injin da na saya, lambar da ta fito sai da na ɗauka injin ya lalace. Na kai wa likita shi ta duba. Ta ce injin lafiyarsa ƙalau.

Na uku: likitocin kara.

Daga ranar da labarina ya bazu, babu ɗan ƙungiyar da bai zama likita ba. Wani ya kawo mini ruwan shuwaka, amma ya zuba masa zuma ludayi biyu don ya shawu. Da na yi magana, ya ce zuma ba sukari ba ce, ai ƙudan zuma ne ya yi ta, ba inji ba. Wani ya ce lemon da ke da launin baƙi ne yake da illa, mai launin ruwan goro ai 'ya'yan itace ne. Wani ya ce in riƙa shan shayina da zafi ƙwarai, zafin yana ƙone sukarin kafin ya isa ciki. Malam Tukur ya ce shi a saninsa ciwon suga rashin sabo ne, kuma mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana cin walima bai kamata ya rasa sabo ba, don haka a sake awo.

Duk waɗannan na saurare su na yi godiya. Wanda ya cutar da ni naka ne, ranka ya daɗe, kuma da nauyin baki nake faɗa. Ka kira ni ka ba ni wani ƙullin sassaƙe da aka kawo maka daga ƙetare, ka ce in ajiye ƙwayoyin asibiti na mako guda don kada magani biyu su yi faɗa a cikina. Ban iya musu da kai ba. Na ajiye su kwana biyar. Ran na biyar wani mai saye ya ce in duba masa haƙoran tunkiya. Na buɗe bakinta, na ga fari kawai, na kasa ƙirgawa. Shekara talatin ina wannan sana'a, ranar na fara cewa wani ya duba mini. Na zauna a gindin turke, na yi ta murza idona kamar wanda ƙasa ta faɗa wa. Abin da ya zo mini a rai shi ne dillali makaho ba shi da abin yi a kara, kuma ina da 'ya'ya mata biyu da ban aurar ba.

Saude ce ta gano ƙwayoyin ba sa raguwa a kwalinsu. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki mayafinta ta tafi wurin Hajiya, mai ɗakinka. Ban san abin da suka tattauna ba, amma na san abin da ya biyo baya.

Na huɗu: sanarwa da kwamiti.

Ran kasuwa aka tara mu, Malam Tukur ya hau benci ya karanta sanarwa da sunanka: daga yau an haramta wa kowane ɗan ƙungiya ya ba Rabe wani abu mai zaƙi, ko ya roƙa, ko ya yi kuka. Wanda ya saɓa, za a dakatar da shi daga kara na mako biyu. Aka kafa kwamitin mutum uku mai suna Kwamitin Lafiyar Wakili, Malam Tukur ne shugaba. Na ji daɗi a ranar. Na ɗauka an fahimce ni.

A zaman kwamiti na farko, wanda aka yi da lemo da cincin ni kuma aka ba ni ruwa, aka yi muhawara a kan yadda za a gane abu mai zaƙi ba tare da an ɗanɗana ba. Aka tsaya a kan cewa tunda sukari fari ne, a hana ni duk wani farin abu. Nono ya tafi, ko da babu sukari. Dafaffen ƙwai ya tafi, sai dai gwaiduwar. Aka bar mini zoɓo, wanda ake zuba wa sukari da gwangwani, saboda shi ja ne. Da na fito da ƙwayata zan sha, Malam Tukur ya riƙe mini hannu, ya ce ita ma fara ce, sai kwamiti ya zauna a kanta. Sun zauna. Ta tsira da ƙuri'a biyu a kan ɗaya.

Abin da babu wanda ya tuna shi ne tsohuwar doka tana nan: wakili ba ya tashi sai ya ci ya sha. Wannan ta bayyana a Dutsi, a walimar ɗan Malam Ɗahiru. Aka ajiye mini farar shinkafa da lemo. Doka ɗaya ta ce sai na ci, ɗaya ta ce kada a ba ni. Mai gida ya tsaya a kaina riƙe da faranti, ya rasa ajiyewa zai yi ko ɗaukewa. Nan take kwamiti ya koma gefe ya yi shawara, ya fito da mafita: Malam Tukur zai riƙa ci a madadina. Wato ni wakilinka ne, shi kuma wakilin cikina. Aka tsara cewa ni zan wanke hannu in yi bisimilla, shi ya ci, idan ya gama ni zan yi hamdala in yaba wa mai girki. Haka muka yi a biki tara. A ɗaya daga ciki an yi kwaɗon zogale da gasasshen kifi, abin da likita ta ce in ci in ƙara, amma Malam Tukur ya ce doka ba ta da rabi, ya cinye. Na yi hamdala.

Na biyar: Kongolam.

Wannan shi ne dalilin wasiƙar. Asabar uku da suka wuce aka tura mu ɗaurin auren ɗiyar Alhaji Idi a Kongolam. Na sha ƙaramar ƙwayata, Saude tana zuba mini wake, sai ga Malam Tukur a ƙofar gida da babur yana ta danna ham, wai ƙarfe goma za a ɗaura, mun makara. Loma biyu na yi na fito. A bakin hanya ya tsaya ya ce kwamiti ya ba shi ikon binciken aljihuna. Ya sami dabino biyar da nake ajiyewa. Na yi masa bayani, na ce likita ce ta sa. Ya ce babu likitar da za ta hana mutum zaƙi kuma ta ce ya riƙa yawo da shi. Ya cinye su a gabana don kada su zame mini fitina, ya zubar da ƙwallayen.

Ba a ɗaura aure ƙarfe goma ba. Waliyyin amarya ya taso daga ƙetare motarsu ta lalace, aka yi ta jira har aka yi azahar. Muna zaune a tabarma na ji hannuna ya fara rawa. Gumi ya jiƙa mini riga, zuciyata tana bugawa, maganar mutane tana zuwa mini kamar daga cikin rijiya. Na gane abin da likita ta faɗa ne ya zo. A gabana akwai bokiti cike da lemo a cikin ƙanƙara. Na ce wa Alhaji Idi, don Allah a ba ni lemo ɗaya, sugana ya faɗi.

Ranka ya daɗe, mutanen da suka yi shekara goma sha biyu suna ɗura mini lemo, ranar da nake buƙatarsa su ne suka janye bokitin. Alhaji Idi ya ce, "Malam Rabe, ka yi haƙuri, ina ƙaunarka, ba zan kashe ka a bikin ɗiyata ba." Wani ya ce ai sanarwa ta faɗa, ko ya roƙa, ko ya yi kuka. Wani ya ce sugan ne yake magana da bakina, a yi mini tofi. Malam Tukur ya ce tunda shi ne wakilin cikina, bari ya sha a madadina a ga ko zan ji sauƙi. Ya buɗe kwalba ya shanye, ya sunkuyo ya tambaye ni yaya na ji.

Harshena ya yi nauyi. Na tuna ina so in kira sunan Saude, na kasa haɗa shi.

Wanda Allah ya yi sanadin tsirata da shi wani Buzu ne mai shayi, Agali, da yake da tebur a tsallaken titi. Ba ɗan ƙungiya ba ne, bai ji sanarwa ba. Ya ce yayansa yana da irin ciwon, ya san wannan gumin. Ya ratsa mutane da kofi, ya zuba sukari cokali uku a ruwan ɗumi, ya tallafi kaina ya ba ni tun ina iya haɗiya. Bayan ɗan lokaci ya ƙara mini, sannan ya gutsuro mini burodi. Kafin a yi la'asar na dawo hayyacina, na zauna da kaina. Aka ɗaura aure. Malam Tukur ya ci, na yi hamdala, kuma ranar na yi ta har zuciya.

Ran Litinin na je asibiti na ba likita labari. Ta ce da na suma a wurin, da maganar ta zama wata. Ta rage mini ƙarfin ƙaramar ƙwayar, ta rubuta mini takarda da Hausa, ta buga mata hatimi, cewa wannan mutum idan yana rawar jiki da gumi a ba shi abu mai zaƙi nan take. Takardar tana aljihuna.

Na shida: shari'ar mai shayi.

Na zaci ƙungiya za ta aika wa Agali godiya. Sai na ji kwamiti ya kira shi ya amsa laifin saɓa sanarwa. Bawan Allah ya bar teburinsa ya hawo mota har Daura. A zaman aka lura cewa ba a iya dakatar da wanda ba ɗan ƙungiya ba. Maimakon a sallame shi, sai aka yi masa rajista nan take, aka ba shi kati, aka yi masa addu'ar shiga, sannan aka dakatar da shi daga kara na mako biyu. Mutumin da bai taɓa sayar da ko kaza ba. Ya karɓi katin ya juya shi gaba da baya, ya tambaya ko yanzu zai iya tafiya, ruwansa yana kan wuta. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi saboda neman zaƙi a bainar jama'a.

Ranka ya daɗe, ban rubuto don in tozarta kowa ba. Malam Tukur abokina ne tun muna kiwon awakin iyayenmu, kuma na san duk abin da ya yi yana ganin taimakona yake yi. Kowa a cikinku ƙaunata yake yi. Sai dai ƙaunar ta kusa kai ni kushewa sau biyu, sau ɗaya da ba ni, sau ɗaya da hana ni.

Ga abin da na gani da idona. Tun dawowata daga Kongolam ban je biki ba, na ce ba ni da lafiya. A makonnin nan uku Saude take auna mini abinci. Da safe wake ko ƙwai da ɗan kunu marar sukari, da rana kwaɗo, da yamma tuwon dawa dunƙule guda da miyar kuka ko ta ganye. Ina shan ƙwayoyina a kan lokaci. Na ajiye babur, ina takawa zuwa kara in dawo. Kullum bayan alwala ina duba tsakanin yatsun ƙafata kamar yadda aka koya mini. Lambar injin ta sauko ta zauna inda likita take so. Ganina ya washe, shekaranjiya na ƙirga haƙoran tunkiya daga tsaye. Ciwon ba shi da wuyar sha'ani idan aka bar ni da shi. Kwamiti ne yake da wuya.

Don haka ina roƙon waɗannan abubuwa.

A rushe Kwamitin Lafiyar Wakili, a gode musu, a sallame su. A soke sanarwar, a mayar wa likitata da mai ɗakina ikon abin da zan ci.

A gyara tsohuwar doka. Gaisuwar shugaba da addu'a su wadatar a matsayin shaidar zuwan ƙungiya. Idan aka yi haka zan ci gaba da wakilci da farin ciki, in tafi da kwanona, in ci abin da ya dace da ni a cikin abin da aka kawo, in bar sauran. Idan kuma cin ne aikin, to a naɗa Malam Tukur kai tsaye, ya riga ya ƙware.

A janye dakatarwar Agali. A tura mutum har teburinsa a Kongolam a gode masa da sunan ƙungiya. Ni zan je, kuma zan sha shayinsa babu sukari.

Kada wani ya ƙara taɓa aljihuna.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina. Na roƙi likita ko za a samu ma'aikacin lafiya ya zo kara ran kasuwa da injin awo, ta ce abu ne mai yiwuwa idan shugaba ya nema a rubuce. Ina roƙonka ka nema, kuma ka fara miƙa yatsanka a gaban kowa, don idan ka yi babu wanda zai noƙe. Mu duka abinci ɗaya muke ci, zama ɗaya muke yi a rumfa daga safe zuwa yamma, kuma yawancinmu mun haura hamsin. Likita ta gaya mini mutum yana iya yin shekaru da ciwon nan bai sani ba, yana ganin ƙalau yake. An yi wata da watanni ana taro a kan jinina. Ni na san abin da ke cikin nawa, ina kuma maganinsa safe da yamma. A duk rumfar nan, ni kaɗai ne na sani.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya kare ka da iyalinka daga wannan ciwo da wanda ya fi shi, ya yi maka jagora a shugabancinmu, ya sa albarka a kasuwarmu. Idan na yi kuskure a lafazi, a yafe mini.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Rabe Abdu,
Wakilin shugaba a wajen biki.